Ƙaramar Kwaleji da Buɗaɗɗiyar Ƙofa: Tambayar da Tarihin Lincoln Ke Yi wa Abuja

Filin jirgin saman Abuja yana ɗauke da sunan Nnamdi Azikiwe, amma ba kasafai ake tuna irin makarantun da suka ƙera mutumin ba. Ya isa Amurka a 1925, ya fara da Kwalejin Storer da ke Harpers Ferry, ya ratsa ta Jami'ar Howard, sannan ya karɓi digirinsa na farko a Jami'ar Lincoln ta jihar Pennsylvania a 1930. Dukkan ukun an kafa su ne domin Baƙar fata, a zamanin da mafi yawan manyan makarantun ƙasar ba sa karɓar su. Lincoln ta wancan lokaci tana cikin ƙauye, ɗalibanta 'yan ɗaruruwa ne, kuma duk maza. Duk da haka, a cikin shekara goma sha ɗaya kacal ta yaye marubuci Langston Hughes a 1929, da Azikiwe da Thurgood Marshall a 1930, da Kwame Nkrumah a 1939: a cikinsu akwai shugaban Nijeriya na farko, shugaban Gana na farko, da Baƙar fata na farko da ya hau kujerar alƙali a Kotun Ƙolin Amurka. Wannan tarihi ya shafi Abuja fiye da kowane gari a ƙasar nan, domin a nan Hukumar Kula da Jami'o'i ta NUC take, hedikwatar JAMB tana Bwari, asusun TETFund da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya duk suna nan. Duk wata jami'a da za a buɗe a Nijeriya, a teburan Abuja ake yanke girmanta da siffarta. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne: ƙarfin irin waɗannan kwalejoji ya fito ne daga haɗuwar abu biyu, wato ƙanƙanta da buɗe ƙofa ga wanda aka rufe wa ƙofa, kuma tsarin da muke bi a yau ya raba abubuwan nan biyu, ya ba masu kuɗi ƙanƙantar, ya bar wa talaka ƙofar da cunkoson da ke bayanta.

Dokar ilimi mai zurfi ta Amurka ta 1965 ce ta fayyace wannan rukuni: makarantun da aka kafa kafin 1964 da niyyar ilimantar da Baƙar fata. A yau sun kai kimanin ɗari, wato kusan kashi 3 cikin ɗari na manyan makarantun ƙasar, kuma da yawansu ɗalibansu ba su wuce dubu biyu ba. Lincoln ta samu takardar izininta a 1854 da sunan Cibiyar Ashmun. Wani limamin coci mai suna John Miller Dickey ne ya kafa ta, bayan ya nema wa wani saurayi Baƙar fata, James Amos, gurbin karatu a wasu makarantu an hana shi. An canja mata suna a 1866 domin tunawa da Shugaba Abraham Lincoln da aka kashe shekara guda kafin nan. Ɗalibanta uku na farko, ciki har da Amos ɗin, Laberiya suka nufa bayan sun gama, don haka Afirka tana cikin lissafin makarantar tun ranar farko. Sauran 'yan uwanta galibi bayan yaƙin basasar Amurka suka ɓullo: Fisk a 1866, Howard da Morehouse a 1867, Spelman da Tuskegee a 1881. Akasarinsu coci-coci ne suka gina su da kuɗin taimako, wasu kuma jihohin kudu suka kafa bayan dokar Morrill ta biyu ta 1890, wadda ta ce jihar da ta ƙi karɓar Baƙar fata a kwalejinta sai ta buɗe masu tasu kafin ta ci kuɗin tarayya.

Karatun da ake yi a Lincoln a shekarun 1920 ba shi da wani sirri: Girkanci da Latin, lissafi, falsafa, nazarin Baibul, kimiyya gwargwadon abin da ɗakin gwaji na talakar makaranta zai iya ɗauka. Manhajar ba ta fi ta maƙwabtanta na Turawa ba. Bambancin yana cikin yadda ake zaman. Ɗalibi yana kwana a harabar, yana ci a ɗaki ɗaya da sauran, malaminsa yana zaune a gida mai tazarar 'yan taku daga ajinsa, kuma babu birnin da za a tsere wa juna a cikinsa. Wanda ya yi fashin aji an san shi da suna. Wanda ya rubuta maƙala mai rauni za a mayar masa da ita da jan biro, gobe kuma ya haɗu da mai biron a bakin ɗakin ibada. Marshall ba salihin ɗalibi ba ne da farko, har dakatar da shi an yi saboda ƙiriniya, amma ƙungiyar muhawara ta makarantar ta kama shi ta horar da harshen da daga baya ya tsaya da shi gaban alƙalai. Azikiwe ya yi wankin kwanuka da sauran ayyukan ƙarfi kafin ya iya biyan kuɗin makaranta, sannan da ya gama aka ba shi aji a Lincoln ɗin yana koyarwa, ya shigar da tarihin Afirka cikin abin da ake karantawa. Nkrumah, wanda ya iso a 1935 da aljihu kusan wayam, ya sayar da kifi a Harlem, ya yi aiki a jiragen ruwa lokacin hutu, yana wa'azi a coci-cocin Baƙar fata na Philadelphia. Makarantar da ke da ɗalibi dubu arba'in ba za ta ma san irin wannan yaro ya zo ba, balle ta yi haƙuri da bashin da take binsa. Ita ƙaramar makaranta ta san shi, kuma dalilin kafuwarta ya tilasta mata riƙe shi. A ƙarshen shekarun 1930 Azikiwe ya ƙarfafa wa wasu samari gwiwa suka bi sawunsa, cikinsu har da K. O. Mbadiwe da Mbonu Ojike, waɗanda suka dawo suka shiga gwagwarmayar neman 'yanci.

Wani zai ce wannan zaɓaɓɓun sunaye ne, kuma kowace tsohuwar makaranta tana da nata. Gaskiya ne, shi ya sa ya kamata a duba hujjar da ba ta rataya a wuyan mashahurai ba. Binciken da cibiyar Gallup ta fitar a 2015 a kan waɗanda suka gama jami'a a Amurka ya nuna cewa Baƙar fatar da suka fito daga waɗannan kwalejoji sun ninka takwarorinsu na sauran makarantu wajen cewa malamansu sun damu da su a matsayinsu na mutane. Jami'ar Xavier ta Louisiana, wadda ɗalibanta 'yan dubbai ne, ta shafe shekaru tana cikin sahun gaba a duk ƙasar wajen tura Baƙar fata makarantun koyon aikin likita, kuma an san yadda take yi: malaman darussan kimiyya na shekarar farko suna aiki da tsari ɗaya, ana yawan gwaji, duk wanda ya fara zamewa a tare shi tun kafin ƙarshen zango. A Morehouse, Benjamin Mays, wanda ya shugabanci kwalejin daga 1940 zuwa 1967, yakan yi wa ɗalibai jawabi da kansa a taron safiyar Talata, kuma wani yaro da ya shiga makarantar yana ɗan shekara 15, Martin Luther King, yakan bi shi har ofis suna musu a kan abin da ya faɗa. Zaman dirshan da ya girgiza kudancin Amurka ya fara ne ranar 1 ga Fabrairun 1960 a Greensboro, da ɗalibai huɗu 'yan shekarar farko na ɗaya daga cikin irin waɗannan kwalejoji da suke hirar dare a ɗakin kwanansu. Wato abin da ake kira rayuwar ɗalibai, ɗakin kwana da ɗakin cin abinci da ƙungiyar muhawara, ba ƙari ba ne a kan karatu. Rabin karatun a nan ake yin sa.

Mai karatu na Arewa bai buƙatar tsallaka teku kafin ya ga yadda wannan ke aiki, domin Kwalejin Katsina ta yi irinsa a ƙasar Hausa. Ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, kuma ɗalibanta a kowane lokaci 'yan gomomi ne da aka tsinto daga lardunan Arewa, suna kwana a gidajen ƙasa a cikin birnin, suna wasan kurket da wasan nan na bugun ƙwallo a bango da har yau ba a daina yin sa a Katsina ba. Daga wannan ƙaramin wuri Ahmadu Bello ya fito, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Kashim Ibrahim, da Aliyu Makaman Bida, da Abubakar Imam, da Sa'adu Zungur. A gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ake ɗauka a matsayin mafarin zuben Hausa na boko, Ruwan Bagaja da Shaihu Umar na tsofaffin ɗalibanta ne, Ganɗoki kuma na malaminta Bello Kagara. Da aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949 inda daga baya ta zama Barewa, ta ci gaba da yaye irin su Aminu Kano da Shehu Shagari. Ko taron tattaunawa na Bauchi na farkon shekarun 1940, inda Zungur da Ɓalewa da Aminu Kano suka fara sa wa mulkin En'e ayar tambaya, ci gaban hirar makaranta ne a wani zaure daban. Kuma tun kafin zuwan Bature, makarantar zaure ta san wannan hikima: malami yana zaune a kan buzu, kowane ɗalibi ya matso da littafinsa a biya masa daidai inda ya tsaya jiya, ba a ba shi izinin karantarwa sai malamin ya san halinsa kamar yadda ya san karatunsa.

Sai dai Katsina ta riƙe rabi ɗaya ne na abin da Lincoln ta haɗa. Ƙanƙanta tana da ita. Ƙofar kuwa a tsuke take da gangan. Turawan mulki sun kafa ta ne don samar wa makarantun lardi malamai da En'e ma'aikata, ba ta ba da digiri, ba ta ɗaukar mata, kuma sarakuna da jami'an lardi ke da ta-cewa a kan wanda zai je. Akwai 'ya'yan talakawa da suka samu shiga, Ɓalewa ma ba ɗan sarauta ba ne, amma an yi adadin ne daidai da guraben aikin da gwamnati ke da su. Sakamakon haka a bayyane yake: lokacin samun 'yanci a 1960, Arewa tana da ƙwararrun shugabanni ƙalilan da suka san juna tun suna yara, a ƙarƙashinsu kuma babu isassun likitoci da injiniyoyi da akantoci. Lincoln an kafa ta ne don a karya wani shinge, Katsina kuwa don a tsare shi ta hanyar zaɓen wanda zai tsallaka.

A Abuja ta yau an raba gadon nan gida biyu. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988 ta fara karatu a 1990 a Gwagwalada, kuma gwamnati ta sanar da sa mata sunan Yakubu Gowon a ƙarshen 2024, ita ce mai ƙofar da ɗan direba da 'yar mai sayar da abinci za su iya ƙwanƙwasawa, kuma ɗalibanta dubun-dubata ne. A ɗaya gefen akwai jami'o'i masu zaman kansu: Veritas ta limaman Katolika a Bwari da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka, dukansu na 2007, Nile ta 2009, Baze ta 2011. A irin waɗannan ne ake samun aji mai mutum talatin, da ɗakin kwana ga mai so, da kalandar da yajin aiki ba ya taɓawa. Kuɗin shekara guda a yawancin makarantu masu zaman kansu na birnin ana lissafa shi ne da miliyoyin naira, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a wata a 2024. Babu laifi ga mai makaranta ya caji abin da zai riƙe makarantarsa, kuma ba a nan gardamar take ba. Gardamar ita ce, ɗalibin da ya fi kowa buƙatar a san shi da suna, wanda ya fito daga sakandaren gwamnati a Kwali ko Abaji, wanda babu wanda ya taɓa shiga jami'a a gidansu, shi ne aka tura inda ba za a san shi ba. Wanda kuma iyayensa za su iya biya masa malamin gida da kwamfuta da jami'a a waje, shi aka ba kulawar da ko babu ita zai kai labari.

Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya binciki halin jami'o'in gwamnati a 2012, ya gano cewa gadajen kwanan da ke akwai ba su wuce na kimanin kashi goma cikin ɗari na ɗalibai ba, kuma malaman da ke da digirin digirgir ba su kai rabi ba. Duk wanda ya san manyan jami'o'inmu ya san fassarar waɗannan alƙaluma a rayuwar yau da kullum. Ɗalibi yana haya a unguwa mai nisa, su huɗu ko biyar a ɗaki, ya fito da asuba ya bi layin mota, ya isa ya tarar zauren lacca ya cika, ya tsaya a taga yana jiyo rabin abin da lasifika ke faɗa. Malamin da ke da takardun jarrabawa ɗari takwas a gabansa ba zai ba da aikin rubutu mai tsawo ba, ko ya bayar ba zai karanta ba. Sai ya koma tambayoyin zaɓi-ɗaya, ɗalibi kuma ya koma hadda. Da yamma harabar ta watse, kowa ya kama hanyar masaukinsa, babu muhawarar dare, babu malamin da za a bi ofis. A kan wannan kuma aka ɗora yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022. Ƙa'idar NUC ta ce malami ɗaya ga ɗalibi talatin a fannonin adabi da zamantakewa. Abin da ake gani a azuzuwan shekarar farko ya yi hannun riga da wannan.

Hujja ta farko da za a kawo a kan wannan kwatance ita ce, wariyar launin fata ce ta haifi kwalejojin Amurka, mu kuwa babu dokar da ta hana kowa karatu. Haka ne, kuma bai dace a daidaita zaluncin da aka rubuta a doka da sakacin gwamnati ba. Amma abin da kwaleji ke magancewa shi ne sakamakon rufe ƙofa, ko wane ne ya rufe ta. Ita kanta gwamnatin tarayya ta amince akwai waɗanda aka bari a baya, shi ya sa tsarin ɗaukar ɗalibai ya ware kashi 45 ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 kuma ga jihohin da ke baya a ilimi. Matsalar wannan tsari ita ce ya tsaya a bakin ƙofa. Yana shigar da yaro, sannan ya sake shi a cikin taron dubbai da raunin Turanci da lissafin da ya taho da shi, in ya faɗi a ce ai dama alfarma aka yi masa. Kwalejojin Baƙar fata na farko, da suka ga ɗalibansu ba su samu sakandare ta kirki ba, sai suka buɗe azuzuwan share fage a cikin harabarsu. Storer da Azikiwe ya fara da ita ma aikin da ta yi masa ke nan. Arewa ta taɓa yin irin wannan da Makarantar Share Fagen Shiga Jami'a ta Ahmadu Bello a Zariya a shekarun 1970, kuma 'yan boko da yawa na wannan zamani ta nan suka bi. Akwai kuma al'ummar da batun ya shafa a Abuja kai tsaye: Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da sauran waɗanda Dokar Soja mai lamba 6 ta 1976 ta mayar da ƙasarsu babban birni, waɗanda 'ya'yansu ke kallon gine-ginen jami'o'i masu tsada a kan gonakin kakanninsu.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: kuɗi. Kusan mutum miliyan biyu ke rubuta jarrabawar JAMB a shekara, kuma ƙaramin aji ya fi babba tsada a kan kowane kai. Ƙari a kan haka, ƙananan kwalejoji suna mutuwa. Marshall, ɗalibin Lincoln, shi ya jagoranci shari'ar Brown da ta rushe wariya a makarantu a 1954. Shekara guda bayan haka Storer ta rufe, domin jihar West Virginia ta janye tallafinta da hujjar cewa yanzu ba a buƙatar ta. Kwalejin Saint Paul's ta Virginia ta rufe a 2013. Morris Brown ta Atlanta ta rasa amincewar hukuma a 2002 saboda rikicin kuɗi, sai a 2022 ta dawo da ita. Ba za a musanta wannan ba. Amma a lura da abin da ya kashe su: dogaro da kuɗin makarantar da talakawa ke biya, da rashin wakafi mai kauri, da rowar gwamnati. A Satumbar 2023 ministocin ilimi da noma na Amurka sun rubuta wa gwamnoni 16 cewa an tauye wa jami'o'in Baƙar fata na jihohinsu sama da dala biliyan 12 a cikin kimanin shekara talatin. Darasin da ke nan shi ne ƙaramar makaranta mai hidima ga talaka ba za ta rayu da kuɗin talakan kaɗai ba, dole wani ya ɗauki nauyin. Ba wai ƙanƙantar ce cutar ba. Lincoln ma ta tsira ne da shiga ƙarƙashin tallafin jihar Pennsylvania a 1972. Sannan lissafin arha na babban aji yana ɓoye wata asara da ba a rubutawa: ɗalibin da ya yi shekara shida a kwas na shekara huɗu, da wanda ya fita da takarda amma ba ya iya rubuta wasiƙar neman aiki.

Akwai wanda zai nuna cewa Nijeriya ta riga ta cika da ƙananan jami'o'i, kuma ba su haifar da wani Azikiwe ba. Jami'o'in ƙasar sun haura 270, fiye da rabinsu masu zaman kansu ne, kuma a Agustan 2025 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai, bayan ministan ilimi ya koka cewa wasu ma'aikatansu sun fi ɗalibansu yawa. Wannan hujja, in an duba ta da kyau, tana goyon bayan maƙalar ne. Waɗannan makarantu ƙanana ne don ba su samu ɗalibai ba, alhali an zana su ne a matsayin manya: tsangayoyi barkatai, ofisoshin shugabanni, motoci, katafariyar ƙofar shiga. Ƙa'idar da NUC ta daɗe tana aiki da ita ta nemi mai son buɗe jami'a ya mallaki fili hekta 100. Babu gurbi a tsarinmu ga makarantar da ta zaɓi ta tsaya a ɗalibi dubu ɗaya da kwasa-kwasai goma, ta zuba kuɗinta a malamai da ɗakin karatu da gadajen kwana. Kwalejin ilimi, irin wadda ke Zuba, ita ce ta fi kusa da wannan siffa, amma an mayar da ita matattarar waɗanda jami'a ta ƙi, kuma burin kusan kowace irinta shi ne a ɗaga ta ta zama jami'a.

Hujjar da ta fi cancanci a tsaya a kanta ita ce ta kama-karya. Inda kowa ya san kowa, mai iko ma ya san kowa. Lincoln ta shafe kusan shekara tamanin ba ta da farfesa Baƙar fata. A shekararsa ta ƙarshe Langston Hughes ya yi bincike a tsakanin manyan ɗalibai, ya tarar mafi yawansu sun fi son malamai Turawa zalla, abin da ya nuna yadda raina kai ke iya yin sheƙa a cikin gida mai kulawa. Sai a 1945 Lincoln ta samu shugaba Baƙar fata, Horace Mann Bond, kuma sai a shekarun 1950 ta buɗe wa mata ƙofa sosai. A Fisk, ɗalibai sun yi bore a 1925 a kan shugaban da ya hana su jarida da ƙungiya, sai da ya sauka. Mu ma mun san jami'o'i masu zaman kansu da ke tafiyar da baligai kamar 'yan firamare, ba ƙungiyar ɗalibai, ba ta malamai. Don haka kusanci shi kaɗai ba alheri ba ne. Abin lura dai shi ne, a Fisk da Lincoln ɗaliban da makarantar ta koya wa muhawara su ne suka juyo da muhawarar kanta, kuma suka yi nasara, domin a ƙaramin wuri muryar mutum ɗari tana isa kunnen hukuma. Sharaɗin ke nan da dole a gindaya: jaridar ɗalibai, zaɓaɓɓiyar ƙungiya, da malamin da ba za a kore shi don ya saɓa wa mai makaranta ba. Game da tsoron cewa makarantar da aka yi don waɗanda aka bari a baya za ta zama ta ƙabila ɗaya, amsar tana cikin ma'aunin shiga. Kwalejojin Baƙar fata na Amurka ba sa hana Bature shiga, kuma a yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗalibansu ba Baƙar fata ba ne. A Abuja ma'aunin da ya dace shi ne irin sakandaren da yaro ya fito da abin da iyayensa ke samu, kuma wannan ma'auni zai tara Bagwari da Bahaushe da Tibi da Ibo ɗan Nyanya a ɗaki ɗaya.

Karatu ta intanet, wanda Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da ke Jabi ke yi, yana da amfani ga ma'aikaci mai iyali, amma yana warware matsalar kujera ne, ba ta kulawa ba, kuma yaro ɗan shekara 18 mai raunin tushe shi ne ya fi saurin ɓacewa a cikinsa. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 shi ma yana biyan kuɗin shiga cunkoson ne kawai.

Abin da ke hannun hukumomin Abuja ba ya buƙatar karya dakatarwar shekara bakwai. Ana iya yanka shekarar farko ta babbar jami'a zuwa gidaje na ɗalibi ɗari uku ko huɗu, kowane gida da ɗakunan kwanansa da malamai 'yan ƙalilan da ke zaune a ciki, waɗanda za a lissafa masu wannan aiki wajen ƙarin girma kamar yadda ake lissafa maƙalun da suka buga. TETFund, wanda ya gina zaurukan lacca masu kujeru ɗaruruwa a faɗin ƙasar, zai iya karkata wani kaso zuwa gadaje da gidajen malamai a cikin haraba, a fara da ɗaliban da suka shigo ta kason jihohin da ke baya. NUC za ta iya buɗe rukuni na ƙaramar kwaleji mai ba da digiri, mai iyakantaccen adadi, ba tare da sharaɗin hekta 100 ba, wadda jiha ko masu wakafi ko ƙungiyar addini za su riƙe. Jami'o'i masu zaman kansu da suka samu fili a babban birni kuwa, ana iya ɗaura sabunta lasisinsu da yawan guraben kyauta da suke ba 'yan sakandaren gwamnati na ƙananan hukumomi shida na yankin. Kuma idan tawagar tantancewa ta NUC ta je makaranta, bayan ƙirga kujeru da littattafai da takardun shaidar malamai, sai ta ɗebo ɗalibai ashirin na shekarar farko ba tare da zaɓin hukumar makarantar ba, ta nemi kowannensu ya kawo aikin rubutu ɗaya da malami ya karanta ya yi masa gyara da hannunsa a wannan zango, ta rubuta adadin waɗanda suka iya kawowa a cikin rahotonta.